Rubutun tsutsa mai dakali: yadda ake zaɓensa da yadda ake aiki da shi a shagon ɗab'i

Wata Alhamis, saura kwana biyu ɗaurin aure, wata Hajiya daga Birni ta dawo mini da kati 300 a cikin leda. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zaro guda ɗaya ta ajiye a tebur, ta ɗora yatsa a kan layin da ke cewa "ɗaurin auren ƴaƴanmu", ta ce, "Ɗana, waɗannan haruffan ƴan gidan wa ne?" Na sunkuya na duba. Duk layin ya kishingiɗa dama, mai kauri, gwanin sha'awa, amma ɗ da ƴ sun miƙe tsaye sirara, kamar baƙin da suka ɓata hanya suka faɗo gidan biki. Na ce, "Hajiya, a yi mini haƙuri, laifina ne." Daren nan na sake buga katin da kuɗin aljihuna.

Tun daga ranar na kafa wa kaina tsarin da nake bi kafin in taɓa wannan irin harafi mai karkata, wato rubutun tsutsa mai dakali, shi ne zan shimfiɗa a nan don masu shagon buga takardu, da ɗaliban da ke tsara mujallar ƙungiya, da duk mai haɗa sanarwa a waya.

Mu fara da suna. Akwai haruffan boko da ake yi wa ƴar ƙafa a ƙarshen kowace sanda. A irin su Times New Roman ƙafar siririya ce kamar tsinke. A wani dangin kuma ƙafar mai kauri ce, mai kusurwa, kaurinta ya kusa kai na sandar kanta, harafin yana zaune a kanta daram. Ni a shagona "mai dakali" nake ce masa, yarana ma sun ɗauka. Faransawa na kiran dangin égyptienne, wato ɗan Masar, alhali ba abin da ya haɗa shi da Masar sai yayin kayan Masar da ya kama Turai bayan yaƙin Napoleon na 1798. A Landan aka fara sayar da irinsa, a kundin samfurin Vincent Figgins na 1815, kuma don tallan bango aka yi shi, ya yi ihu daga nesa. Clarendon ya biyo baya a 1845, Memphis a 1929, Rockwell a 1934. Shi kuwa rubutun tsutsa, wanda ke karkata dama, ya girme su nesa ba kusa ba: a birnin Fenis na Italiya maɗaba'ar Aldus Manutius ta fara buga littafi da shi a 1501, tana kwaikwayon rubutun hannun malaman lokacin. To ka ga auren da ake ƙoƙarin ɗaurawa: ɗaya ɗan tallan kasuwa ne mai faɗin ƙafa, ɗaya ɗan alƙalami ne mai lanƙwasa. In auren ya yi kyau, za ka samu harafin da ke da taushin murya amma ba ya mutuwa a injin fotokofi. Wannan ita ce fa'idarsa a garinmu.

Mataki na farko: gane tsutsar gaskiya da ta jabu

Nan ne mafi yawanmu ke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai. Idan ka danna Ctrl da I a Word, ɗayan abu uku ne ke faruwa, kuma kwamfuta ba za ta gaya maka wanne ba.

Na farko, dangin harafin yana da tsutsarsa ta gaskiya, wadda mai zanen ya zauna ya zana daban. Za ka gane ta da harafin a: a tsaye yana da bene biyu, a tsutsa sai ya koma ƙwarya ɗaya da sanda, irin wanda muka koya a kaye tun muna lakwal. Dubi n da m da h kuma: dakalin ƙafar dama ya ɓace, ya zama ƴar wutsiya mai ɗagawa sama kamar alƙalami zai wuce harafi na gaba, amma dakalin kafaɗar hagu yana nan. A wasu dangogin f yana sauko da wutsiya ƙasan layi. Adelle, Bitter, Zilla Slab, Caecilia duk suna da irin wannan.

Na biyu, mai zanen ya karkatar da harafin tsaye ne kawai, amma ya bi shi da hannu ya gyara kauri da zagaye. Wannan halal ne, ana aiki da shi, musamman a kanun labari, sai dai a cikin sakin layi ba ya bambanta sosai da na tsaye.

Na uku shi ne jabu. Dangin ba shi da tsutsa sam, ko kuma yana da ita amma ba ka saka fayil ɗinta a kwamfuta ba, sai manhajar ta tura haruffan gefe da ƙarfi kamar iska ta kwantar da gero. Roboto Slab misali ne da kowa ke da shi: kyakkyawan harafi, amma ba a yi masa tsutsa ba, duk karkatar da ka gani a jikinsa ta ƙarya ce. Yadda za ka kama jabu: rubuta "ooo sss" da girman 72, ka karkatar. Idan o ya zama kamar ƙwan da aka matse, kafaɗa ɗaya ta kumbura ɗaya ta tsuke, jabu ne. A harafi mai dakali abin ya fi muni, don sandunan tsaye suna ramewa idan aka tura su, dakalan kwance kuwa suna nan da kaurinsu, sai harafin ya zama mai manyan takalma da ƙafafun sauro. Tsutsar gaskiya ba ta cika kwanciya sosai ba, yawanci wajen digiri 10 ne, sama ko ƙasa kaɗan. Ta Joanna, wadda Eric Gill ya zana, kusan digiri 3 ce kawai, amma ba mai kasa gane ta, saboda siffar haruffan ce ta sauya. Karkata ba ita ce tsutsa ba.

Mataki na biyu: gwajin ƙugiya

Abin da ya ci ni a katin Hajiya ke nan. Haruffan nan an zana akasarinsu don Turanci da Faransanci da Jamusanci, ba kowane mai zane ya san da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Mu a Nijar ma muna da ƙarin nauyi: ƙa'idar rubutun Hausa da aka tabbatar a 1999 tana amfani da ƴ mai ƙugiya, a Najeriya kuwa y ake rubutawa da ɗan waƙafi a gabansa. Saboda haka harafin da ya wadatar da maɗaba'ar Kano yana iya gazawa a Damagaram. Yanzu kuma da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, aikin Hausa sai ƙaruwa yake a teburanmu.

Ga jimlar da nake gwaji da ita: "Ƙanwar Ɗanladi ta ɓoye ƴar ƙwarya a ɗaki." A ƙasanta in jera manyan, Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ, sannan é è ê ç œ, tunda rabin aikinmu harshe biyu ne. Sai in maimaita layukan sau huɗu: tsaye, tsutsa, mai kauri, tsutsa mai kauri. Dole sau huɗu, domin kowanne fayil ne mai zaman kansa.

Kada ka yarda da abin da ido ya gani a girman 12. CorelDraw, manhajar zane da tsara shafi, sau da yawa yana nuna maka ɗan akwati inda harafi ya ɓace, ka gode masa. Word kuwa munafuki ne: sai ya aro harafin daga wani dangi ya cusa shiru. Ƙara girman shafin zuwa kashi 400, ka ɗora siginar rubutu a bayan ƙ, ka dubi akwatin sunan harafi, wanda Word na Faransanci ke kira police (wani yarona ya yi wata guda yana zaton ƴan sanda ake nufi). Idan sunan ya sauya, aro aka yi.

Wanda ba shi da allon rubutun Hausa, a Word yana iya rubuta lambar harafin ya danna Alt da X tare: 0253 na ba da ɓ, 0257 ɗ, 0199 ƙ, 01B4 ƴ. Manyan su ne 0181, 018A, 0198 da 01B3. Ka bar fili kafin lambar, in ba haka ba Word yana iya haɗa ta da harafin da ke gabanta ya ba ka wani abu daban.

Waɗanda ba su taɓa ba ni kunya a ƙugiya ba su biyu ne, kuma duk kyauta ne. DejaVu Serif mai dakali ne sosai, yana da tsutsa, sai dai yana da faɗi, yana cin takarda. Charis SIL kuwa an gina shi a kan Charter na Matthew Carter, wanda aka zana a 1987 don injinan bugu marasa kaifi. Ƙafarsa ba cikakken dakali ba ce, amma tana da ƙwari, tsutsarsa kuma ta fi ta DejaVu kyau a idona. Sauran duka, komai sunansu, sai sun ci jarrabawar Ɗanladi kafin su hau aikin mai kuɗi.

Mataki na uku: saka dangin gaba ɗaya

Wannan gajere ne. Idan ka sauko da harafi daga Google Fonts, buɗe jakar ka saka fayilolin duka, har da masu Italic a sunansu. In ka ga ƙaramar jaka mai suna static, na cikinta za ka saka, tsofaffin manhajojinmu sun fi gane su. Rufe Word ko CorelDraw ka sake buɗewa. Ka duba lasisi kuma: masu alamar OFL kyauta ne har a aikin kasuwa, irin su Adelle da Caecilia kuwa saye ake yi.

Mataki na huɗu: ina ake sa shi

Ka ɗauki rubutun tsutsa a matsayin sauya murya. Mai wa'azin da ya iya magana yana sassauta murya sau biyu ko uku a hudubarsa, jama'a su kasa kunne. In ya yi raɗa daga farko har ƙarshe, barci za a yi.

A mujalla ko jarida, wurin da ya fi haskawa shi ne ƴan layukan nan biyu ko uku da ke tsakanin kanun labari da jikinsa, waɗanda ƴan jaridarmu ke kira shapo. Kanu da mai dakali tsaye mai kauri, shapo da tsutsar dangin a girman 13 ko 14, jiki a 10 ko 11: shafin ya samu hawa uku ba tare da ka gayyato wani dangi ba. Jaridar Guardian ta Ingila, da ta sake fasali a 2005, a kan dangi mai dakali ta gina shafukanta, wanda Paul Barnes da Christian Schwartz suka zana mata. Sai maganar da aka tsamo daga cikin hira aka ƙara mata girma a tsakiyar shafi. Nan tsutsar Times takan yi rauni, ta zama kamar zare, mai dakali kuwa yana tsayawa da ƙafarsa ko da a girman 20. Haka bayanin ƙarƙashin hoto, a 8 ko 9.

A cikin jikin rubutu aikinsa ƙanana ne amma na kullum: sunan littafi ko jarida, kalmar Faransanci ko Larabci da ba ta zama ƴar gida ba, karin magana idan ana nazarinta, baitin waƙa da aka kawo misali. Kalmar da ta riga ta zama Hausa, irin su lakwal ko mota ko asibiti, a bar ta tsaye. Idan kuma sakin layin gaba ɗaya tsutsa ne kana son fito da kalma ɗaya, sai ka mayar da ita tsaye, haka ƙa'idar take.

Abu biyu nake hana yarana. Kada a karkatar da Larabci ko ajami. Rubutun yana tafiya daga dama zuwa hagu, manhajar kuma dama take tura shi, sai aya ta fito kamar tana jan baya. A bar ayar yadda take, fassarar Hausa da ke ƙarƙashinta ita za a sa a tsutsa, kuma wallahi ba inda mai dakali ke yin kyau kamar nan, don kaurinsa yana jure zama kusa da baƙin Larabci.

Na biyun ra'ayina ne, wani yana iya saɓa mini. An saba a takardun ƙungiyoyi masu harshe biyu a sa Faransanci tsaye, Hausa kuma shafi guda cur a tsutsa ƙarama. Wa ke karanta Hausar? Sau da yawa dattijon da ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, ko matar da idonta ya fara gajiya. Shi aka ba rubutu mafi wahalar karantawa. In layi ɗaya ne ko biyu, kamar a allon sanarwa, ba laifi. In ya wuce layi biyar ko shida, a raba shafin gida biyu, kowane harshe ya tsaya tsaye.

Mataki na biyar: gyaran kusa

Mai dakali yana cika layi da baƙi, saboda haka yana son iska tsakanin layuka. Ga girman 11, nakan ba da tazara 14 ko 15. Hausa ma ta fi Faransanci bukatar wannan, don ƙugiyoyinmu suna sama, wutsiyar y da g na layin bisa suna saukowa su same su. Tsawon layi kada ya wuce haruffa 65 zuwa 70. A takardar A5 wannan yana zuwa da kansa, a A4 kuwa sai ka raba shafi gida biyu.

Yanzu ka matso da ido. Ƙugiyar ɗ tana leƙawa dama, a tsutsa kuma leƙen yana ƙaruwa. Rubuta "ɗinki", "haɗi", "kuɗi", ka ga ko ƙugiyar ta taɓa ɗigon i. Rubuta "ƙirƙira" da "ɓulɓul". A ƙaramin rubutu ba komai, amma a kanun da ya kai girman 40, ɗigon da ya manne da ƙugiya yana zama tabo. Gyaransa a CorelDraw: ɗauki kayan gyaran siffa da F10, ka ja ɗan maƙallin harafin i dama kaɗan. Wannan harafin kaɗai. Kada ka buɗe tazarar kalmar duka, tsutsa ba ta son a raba haruffanta, daga rubutun hannu ta fito, in ka wawware ta sai ta zama haƙoran tsoho. Haka nan ka duba inda kalmar tsutsa ta ƙare da f ko d ko l, alamar tambaya ko baka ta tsaye ta biyo baya. Sukan yi karo, sai ka sa siririn fili.

Manyan baƙaƙe zalla a tsutsa, kalma ɗaya ko biyu ne iyaka. Ja layi a ƙarƙashin tsutsa kuwa, gishiri ne a kan kanwa.

Sai tarkon Word na Faransanci, wanda kusan dukanmu shi muke da shi. Idan yana zaton Faransanci kake rubutawa, zai cusa fili kafin alamar tambaya da ta motsin rai da ɗigo biyu, ya mayar da alamar zance zuwa « », ya kuma yanka kalmomi a ƙarshen layi yadda ya ga dama, har ya raba sh ko ts ko ƙw gida biyu. Zaɓi rubutun Hausar duka, ka sauya masa harshe ko ka kashe duban kuskure, ka kashe yankan kalma. Ka kuma tabbata waƙafin sama na "jama'a" da "sana'a" iri ɗaya ne daga farkon takarda zuwa ƙarshe, kada wani ya zama miƙaƙƙe wani lanƙwasasshe. A tsutsa mai kauri bambancin yana tsone ido.

Wajen haɗa shi da wani dangi, ba sai an yi dogon bayani ba: tsutsa mai dakali tana zama lafiya da harafi marar ƙafa, irin su Noto Sans ko Andika, waɗanda su ma suna da ƙugiyoyinmu. Mai dakali biyu daban a shafi ɗaya kishiyoyi ne. Haruffan ado masu kama da rubutun hannu ma kada su zauna kusa da ita, aiki ɗaya suke nema.

Mataki na shida: takarda ce alƙali

Allon kwamfuta yana ƙawata komai. Buga shafi ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi aikin, mai giram 80 in takardar ofis ce, 250 ko 300 in kati ne. Sannan ka yi abin da mai karatu zai yi da ita: ka yi fotokofinta, ka sake yin fotokofin fotokofin. Takardar darasi ko sanarwar masallaci haka take yawo a gari. A kofi na biyu siraran layukan tsutsar Times sukan fara tsinkewa, na mai dakali kuwa suna nan. Abin da za ka sa wa ido a nasa shi ne cikin e da a da ƙugiyar ɓ: in tawada ta cike su, rage kauri ko ƙara girma da rabin lamba.

Farin rubutu a kan baƙi ko kore mai duhu, ɗauki kauri na gaba da wanda ka yi niyya, don tawada tana cin gefen farin. Ga bandarol da allon shago, masu zanen allo suna da ƙiyasi: kowane santimita 2 da rabi na tsayin harafi, mita 3 na nisan karatu. Wanda zai karanta daga kan kabu-kabu a hanyar kasuwar Dole, cikin ƙurar hunturu, sunan shagon da lambar waya yake nema, waɗannan a bar su tsaye. Tsutsar ta ɗauki kirarin da ke ƙasa.

Idan aikin zai fita daga hannunka, ko zuwa shagon maƙwabci ko zuwa Kano, kada ka aika fayil ɗin Word. Mayar da shi PDF, ka buɗe bayanan fayil ɗin ka duba jerin haruffan da ke ciki: sunan da ba ka zaɓa ba in ya bayyana, akwai aron da ya ɓuya. A CorelDraw, ajiye kofi ɗaya da za a iya gyarawa, sannan a kofi na biyu ka zaɓi rubutun duka ka danna Ctrl da Q ya zama zane. Ta WhatsApp kuma a tura shi a matsayin takarda, in an tura shi a hoto manhajar tana matse shi, gefen haruffan ya yi gashi.

Kafin injin ya fara ja, nakan miƙa samfurin ga ƙaramin yaron shagon, wanda bai ga aikin a allo ba, in ce ya karanta da ƙarfi. Makon jiya ya tsaya a tsakiyar wata sanarwa, ya matso da ita kusa da hanci, ya ce, "Maigida, nan kuɗi ne ko kudi?" Ƙugiyar ta haɗe da ɗigon. Na koma F10.